Yadda Na Rage Wa Injinmu Surutu

Injin, wato babbar kwamfutar gwamnati, ya riga ni zuwa ofishin. An sayo shi a shekarun da kuɗin mai ya yi yawa, lokacin da gwamnati ba ta jin nauyin sayen komai. Aka gina masa ɗaki na musamman a bayan ofisoshin gwamnati, aka jera masa na'urorin sanyaya ɗaki, har ya zama duk Sakkwato ban san wurin da ya kai shi sanyi ba. Ana tsakiyar bazara, mutane na neman inuwar da za su fake, mu kuwa sai mun ɗora rigar sanyi kafin mu shiga. Masinjojin ma'aikatu kan kawo takarda ɗaya su tsaya jiran amsar da ba a ce za a ba su ba, don kawai jikinsu ya huce.

Ni 'yar malamin makaranta ce. Babana daga ƙasar Filato ya zo koyarwa tun kafin a haife ni, ya zama hedimasta, ya zauna a unguwar Gidan Dahala bai koma ba. A nan na tashi, Sakkwatanci na tsinta a bakin maƙwabta, har in muka je garinmu da Kirsimeti 'yan uwa su yi ta ja na da magana suna dariya. Lissafi ne abin da na iya, kuma tun ina ƙarama na san na iya shi. Da na gama jami'a aka tura ni kwas na koyon rubuta wa kwamfuta umarni, na dawo aka ba ni aiki a sashen da injin yake. Ni kaɗai ce mace a cikin masu rubuta umarni. Sauran matan suna ɗakin huda kati, don a lokacin sai an huhhuda umarni a jikin kati injin ke iya karanta shi.

Mutum biyu na fi hulɗa da su. Na farko shugaban sashen, wanda muke kira Oga, dattijo ɗan Ƙofar Kware. Ya fara aikin gwamnati tun ana lissafi da hannu, ya ga gwamnoni sun zo sun wuce, kuma ba abin da ya ƙi kamar a ambaci sashensa a wurin manya. In muna mu biyu ɗiyata yake ce mini, in da baƙi sai in koma Malama. Na biyu shi ne mai kula da injin, wanda ke zaune a gabansa tun safe har a tashi. Ɗan gidan manoman shinkafa ne daga fadama, ya girme ni da ɗan dama, ina ce masa Malam. Mutum ne mai barkwanci, kuma yana yi wa injin magana kamar yadda ake yi wa jaki.

Injin ɗaya ne, amma yana da wata dabara. Babban umarnin da ke tafiyar da shi yana rarraba shi ya zama kamar injina da yawa, kowanne yana aikinsa bai san da sauran ba. Ma'aikatar ilimi tana da nata, ta gona tana da nata, ta lafiya ma haka, kowace tana ganin kamar ita kaɗai ke da kwamfuta. Ba ƙarfe ba ne da za ka taɓa, a cikin ƙwaƙwalwar babban injin suke. Mu ɗakuna muke ce musu. In ɗaya ya rikice, sauran ba ruwansu. Abu guda kawai suka haɗa: duk ɗakin da ya gamu da matsala zai faɗa wa babban umarnin, shi kuma ya rubuta a faifan ajiyar bayanai, ya kuma buga a takarda ta wata firinta da ke gefen Malam. Wannan rubutu shi muke kira log. Da shi muke sanin lafiyar injin. Na saba duk safiya, kafin in ajiye jakata, in tsaya in karanta na jiya.

Sai zamani ya juya. Kuɗin mai ya ja baya, sojoji suka dawo mulki, aka tsuke shigo da kaya daga waje. Turawan da suka kafa injin suka tattara suka tafi. Injiniyan da ya rage yana Kaduna, jihohi da yawa ke jiransa, in ka aika masa bana sai ka gan shi baɗi. Takardar firinta, wadda a da muke shimfiɗawa mu ci gyaɗa a kai, ta koma abin da ake kullewa a kabad.

A wannan hali ne ɗaya daga cikin injinan tef ɗinmu ya fara lalacewa. Tef ɗin kamar na rediyo yake, sai dai ƙato, a kansa ake ajiye bayanai. Yana cikin aiki sai ya ɗauke. Ɗakin da ke nemansa ya tambaya, a ce masa tef bai shirya ba, sai ya kai ƙara, a buga layi ɗaya a log. Ya sake tambaya, a sake buga layin. Inji ba ya gajiya kuma ba ya jin kunya, kafin ka ƙifta ido ya tambaya sau barkatai. Firintar ta kama ƙara kamar keken ɗinki, takarda na zuba ƙasa tana naɗewa, layi ɗaya ne daga sama har ƙasa: tef bai shirya ba, tef bai shirya ba. Malam ya miƙe ya riƙe ƙugu.

"Mun jiya! Wallahi mun jiya!" yake ce wa firintar. "Ko kurma ya jiya."

Da farko dariya muke yi. Amma wurin da aka ware wa log a faifai ba shi da yawa, kuma in ya cika babban umarnin yakan tsayar da komai, har ɗakunan da ba ruwansu da tef. Ga shi lokacin muna kan aikin da ya fi kowanne nauyi a shekara, wato rarraba yaran da suka gama firamare zuwa makarantun sakandare na jiha. In injin ya tsaya, aikin wuni ya tafi, sai a faro daga baya. Ranar komawa makaranta na matsowa, sakamako shiru. Da yamma in na koma gida a kan babur ɗina, sai in tarar da iyayen yara zaune a ƙofar gida wurin Baba, don sun san tsohon hedimasta ne, sun kuma san inda ɗiyarsa ke aiki. Baba bai taɓa tambayata a gabansu ba. Sai sun tafi ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaya injin naku?" In ce masa yana nan. Ya ce to.

Takardar da ta lalace kuwa shara ce a wurinmu, ana kwashewa a zubar bayan ofis. Ashe daga can take bin hannu zuwa cikin gari. Ni kaina na sayi ƙosai a Ƙofar Kware wata safiya, na buɗe na ga ƙorafin injinmu ya jiƙe da mai. Na yi dariya na cinye ƙosaina, ban kawo komai a raina ba.

Wata rana da hantsi sai ga wani kyaftin na soja ya shigo sashen ba sallama. Yana cikin waɗanda aka ɗora wa zagaya ma'aikatu su ga wa ya makara, wa ke ɓarnar kayan gwamnati. A lokacin an sha sa manyan ma'aikata tsallen kwaɗo a bainar jama'a, don haka da ganin kakinsa ɗakin huda kati ya yi tsit. Saurayi ne dogo, ba ya ɗaga murya. Ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta yi jawur da yaji da mai, ya shimfiɗa a teburin Oga.

"Ta nan ce?"

Oga ya miƙe, ya duba, ya ce, "Ta nan ta, ranka shi daɗe."

"Jiya aka naɗe mini tsire a ciki. Ana ce mana babu takardar buga sakamakon yara, ga takardar a wurin mai tsire. Na kuma karanta ta. Magana ɗaya ce daga sama har ƙasa. Wa ke biyan injin nan ya yi ta maimaita magana ɗaya?"

Oga ya fara bayanin injiniyan Kaduna. Kyaftin ya ɗaga hannu.

"Ban zo jin labarin Kaduna ba. Zan dawo mako mai zuwa. In na sake ganin wannan a gari, da kai zan tafi."

Bayan fitarsa Oga ya aika a kira ni, ya ce in rufe ƙofa.

"Ɗiyata, kashe abin ga baki ɗai. Log ɗin. In babu takarda, babu magana."

"Ranka shi daɗe, in na kashe shi mun makance," na ce. "Yau tef na, gobe faifan da sunayen yara ke ciki na. In shi ya yi kuka, wa za ya ji?"

"To a kashe ƙorafin tef ɗin shi kaɗai."

"Shi ma muna son shi. Sau ɗaya muke son shi, ba sau dubu ba."

Ya cire hularsa ya ajiye a tebur, abin da ba ya yi sai magana ta dame shi. "Mi za ki yi mai?"

Na gaya masa zan shiga cikin babban umarnin, wurin da yake rubuta log, in koya masa ya gane maganar da ya riga ya faɗa. Oga ya girgiza kai. Tun da aka kafa injin babu ɗan ƙasa da ya taɓa wannan wurin, Turawan ma sai sun buɗe littattafai kafin su sa hannu. In na ɓata shi, ba ɗaki ɗaya zai tsaya ba, duka ne, kuma babu mai tashe shi sai daga Kaduna.

"Kin tabbata?"

"Na karanta wurin tun bara, don sha'awa. Na san shi. Kuma ba a kan injin gaske zan gwada ba."

Wannan ne daɗin injin mai ɗakuna. Na buɗe sabon ɗaki nawa ni kaɗai, na kwafi babban umarnin gaba ɗaya na sa a ciki, ya tashi yana aiki yana zaton shi ke riƙe da injin. Na yi masa ƙananan ɗakuna na ƙarya da tef na ƙarya wanda nake kashewa in kunna yadda na ga dama. In na yi kuskure ya faɗi, a ɗakina ya faɗi, aikin ma'aikatar ilimi na ci gaba a gefe. Oga ya zo ya tsaya a bayana yana kallo, ya ce, "Inji cikin inji cikin inji. Allah mai iko." Daga nan ya bar ni.

Dabarata ta farko mai sauƙi ce. Kafin a buga layi, a duba wanda aka buga kafinsa. In iri ɗaya ne, kar a buga, a ƙirga kawai. In wata magana dabam ta zo, sai a ce waccan ta maimaitu sau kaza, a ci gaba. Na rubuta, matan ɗakin kati suka huda mini ba tare da bin layi ba, don su ma ƙarar firintar ta ishe su. A ɗakina abin ya yi aiki tsaf. Muka sa shi a injin gaske da sassafe kafin ma'aikatu su fara aiko da ayyuka. Tef ya ɗauke da hantsi, firinta ta buga layi ɗaya ta yi shiru. Malam ya leƙa ƙarƙashinta ya ga ko wayar ta fita.

Bayan azahar sai ga ƙarar keken ɗinki ta dawo. Na fito daga ofishina na tarar takarda na zuba kamar da. Oga ma ya fito, fuskarsa ba daɗi. Na yago takardar na duba, ban kai rabin shafi ba na ga abin da ya faru. Da safe ɗakin ilimi kaɗai ke neman tef. Yanzu ɗakin gona ma ya shigo nema. Wannan ya yi ƙorafi, wancan ya yi, wannan ya sake. Kowane layi na ɗauke da sunan ɗakinsa, don haka babu wanda ya yi daidai da na bayansa, injin kuwa abin da na ce masa shi ya yi.

"Su biyu sunka haɗa baki," in ji Malam.

Oga bai yi dariya ba. "Malama, kin gwada. Kashe shi."

Da ya ce Malama na san ransa ya ɓaci. Amma ni ban ji ko ɗar ba, don a lokacin ne ma na ga matsalar da kyau. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, hanyar daidai take, gajeruwa ta. Na sa shi tuna magana ɗaya, alhali da yawa ya kamata shi tuna. Ka ba ni zuwa Litinin. In Litinin ta yi firintar ga na kuka, ni da hannuna zan kashe ta, in kuma kyaftin ya zo ni zan tsaya gabanai."

Ya dube ni. "Ubanki ya san haka kike da kai?"

"Shi ya ba ni shi."

Ya juya ya koma ofis, bai ce e ba bai ce a'a ba, na ɗauka e ne.

Ranar Asabar na wuni a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu da fensir da takardu, Mama na ta mita wai an kawo ofis gida. Abin da na tsara shi ne injin ya ware ɗan wuri a ƙwaƙwalwarsa, ya riƙa tuna kowane irin ƙorafi na kowane ɗaki dabam. In ƙorafi sabo ne, a buga shi nan take, ba jira. In ya maimaitu, a bar 'yan layukan farko su fito don mai karatu ya gane abin ya nace, daga nan a yi shiru a riƙa ƙirgawa. Lokaci lokaci a buga layi guda: ɗaki kaza, ƙorafi kaza, ya sake zuwa sau kaza tun faɗar baya. In ya daina, a faɗi cewa ya daina. Abin da ya fi cin lokacina shi ne me zai faru in wurin tunawar ya cika. Na yanke cewa a nan injin ya koma halinsa na da, ya buga komai. Gara ya dame mu da surutu da ya haɗiye abin da ya kamata mu ji.

Lahadi na je coci, na dawo na sake bin rubutun layi layi da jan biro kamar yadda Baba ke duba jarrabawa. Litinin da na nuna wa Malam tsarin, ya roƙi abu ɗaya. Ya ce shi ba kullum idonsa ke kan takarda ba, da kunne yake aiki, in firinta ta yi shiru ta yaya zai san sabon abu ya faru? Firintar tana da 'yar ƙararrawa da ba a amfani da ita. Na ƙara layi biyu, ya zama duk sabon ƙorafi sai ta kaɗa, maimaici kuwa ba ta motsi. A ɗakin gwajina na tara ɗakunan ƙarya da yawa na sa su duka neman mataccen tef a lokaci guda, na bar su suna ta yi har na je na ci abinci na dawo. Abin da ya fito bai cika shafi ba. Muka sa shi a injin gaske.

Tef ya ci gaba da ɗaukewa, don ba shi na gyara ba. Amma log bai sake cika ba, injin bai sake tsayawa ba, aikin yara ya riƙa tafiya a kan sauran injinan tef, a hankali amma ba komawa baya.

Kyaftin ya cika alkawari. Wannan karon kai tsaye ɗakin injin ya shigo, ya ce a ba shi log na kwanakin nan. Malam ya miƙa masa 'yan shafuka. Ya auna su a hannu, ya dubi Oga.

"Wancan makon tuli guda, wannan makon ɗan wannan. An gyara tef ɗin?"

"Ba a gyara ba, ranka shi daɗe," in ji Oga.

"To ina sauran? Na ce ku daina ɓarna, ban ce ku ɓoye ba. In inji na kuka kuka toshe masa baki don kar in ji, wannan ya fi ɓarnar takarda muni."

Na ga Oga na neman abin faɗa, sai na matso. "Yallaɓai, ni na yi aikin, ni zan amsa."

Ya juyo ya dube ni, kamar sai yanzu ya lura akwai mace a ɗakin. "Ina ji."

"Ba abin da aka ɓoye. Ga layin farko, lokacin da tef ya ɗauke. Ga wannan, yana gaya maka sau nawa aka sake ƙorafin. Ga inda ya dawo. Duk abin da tulin can ya faɗa, wannan ya faɗa. In kana so ka gani da idonka, ga injin tef can, kashe shi da hannunka."

Malam ya zaro ido. Kyaftin ya taka ya je, na nuna masa makunnin, ya danna. Ƙararrawa ta kaɗa, firinta ta buga 'yan layuka ta tsaya. Ba ka jin komai sai na'urar sanyi. Can sai ta buga layin ƙidaya. Ya sunkuya ya karanta.

"In yana cikin shirun nan wani abu dabam ya lalace fa?"

"Buɗe murfin mai karanta katin can."

Ya buɗe. Nan take ƙararrawa ta kaɗa, sabon layi ya fito. Ya rufe, ya kunna tef, firinta ta ce duka biyun sun daina. Ya tsaya yana kaɗa kai, sannan ya gaya mana shi ma a sashen sadarwa na soja ya fara aiki, ya san yadda mutum ɗaya mai maimaita kira ke toshe layi har mai maganar gaggawa ya rasa hanya. Ya yi mini tambayoyi masu ma'ana, har da wadda na sha wuya a kanta ranar Asabar, ta cikar wurin tunawa. Na ba shi amsa, ya gamsu. Da zai fita ya ce wa Oga a riƙa ƙona takardun shara, kar a sake zubarwa. Ni kuma ya tambaye ni inda na yi karatu, na gaya masa, ya ce madalla, ya sara mini da wasa ya tafi.

Washegari na tarar da kwanon tuwon shinkafa da miyar yakuwa a teburina, daga gidan Oga, uwargidansa ta ce a kai wa ɗiyarta.

Sakamakon yara ya fita kafin a koma makaranta, da ƙyar amma ya fita, a kan takardar da a da firintar log za ta cinye. Taron ƙofar gidanmu ya watse, sai masu zuwa godiya da masu zuwa ƙorafin an tura ɗansu makaranta mai nisa, su kuma Baba ya san yadda yake yi da su.

Injiniyan Kaduna ya iso bayan damina ta sauka. Mutum ne gajere mai saurin magana, ya shigo yana cewa a kawo masa log, yana naɗe hannun riga don ya saba sai ya yi wuni yana tonon takarda. Malam ya miƙa masa ɗan abin da ya taru. Ya zauna ya bi layukan ƙidayar da yatsa, bai jima ba ya ce, "Da safe kaɗan, da rana ya yi yawa, da yamma ya ragu. Kullum haka. Wannan zafi ne." Injin tef ɗin yana jingine da bangon da rana ke duka. Ya buɗe bayansa ya sami wata waya da ke saki in ƙarfe ya ɗumama. Kafin la'asar ya gama, muka taru muka tura injin zuwa tsakiyar ɗaki.

Sai da ya wanke hannu ya tambayi wa ya taɓa babban umarnin. Oga ya nuna ni. Na zaci faɗa zai yi, na shirya amsata. Sai ya ce in kawo masa rubutun. Ya karanta a tsaye har ƙarshe, ya nuna mini wuri ɗaya da zan iya gajartawa, kuma gaskiyarsa ne, na karɓa. Sannan ya ce akwai irin injinmu a Kaduna da ke fama da wannan ciwo, nasu ma ba tef ba ne, layin waya ne ke yankewa yana cika musu log. Ya roƙi Oga ya ba da aro na in je in sa musu, tunda nasu tsarin ya ɗan bambanta, sai wanda ya rubuta ya zauna a kai.

Oga ya ce sai ya tambayi ubana. Ya kuwa zo har Gidan Dahala da yamma, shi da babbar rigarsa, suka zauna da Baba a kan benci suka yi ta hirar tsofaffin makarantu da malaman da suka sani, sai can ƙarshe suka taɓo maganar tafiya. Baba ya ce ai ba yarinya ba ce, ta san hanya. Mama ce ta tsaya kai da fata sai na sauka a gidan ƙanwarta, ta kuma cika mini jaka da soyayyen nama da kilishi da busasshiyar kuɓewa ta kai mata, har kayana suka rasa wuri.

Da safe Malam ya kai ni tasha, yana rungume da kwalin katunan da umarnin ke ciki, ni ina jan jaka. Rana ta fara zafi tun kafin mota ta cika. Kwandasta ya karɓi jakar ya jefa saman mota, ya miƙo hannu zai karɓi kwalin. Na ce masa wannan ba ya hawa sama, in kati ya tanƙware ko ya sha ruwa injin ba zai karanta ba. Ya ce to sai in biya masa kujera. Na ce a cinyata zai zauna, cinyar kuwa na riga na biya mata. Fasinjoji suka yi dariya, wata tsohuwa ta matsa mini wuri kusa da taga, ta tambaye ni ko ƙwai ne a ciki. Na ce mata aiki ne. Direba ya tada mota, Malam ya ɗaga mini hannu, muka kama hanyar Gusau.